Takardun babur a cikin leda

Ƙanena yana da wata baƙar leda da yake ajiyewa a ƙarƙashin katifarsa a ɗakin da muke haya a Ketu, cikin Legas. A cikinta akwai rasiɗin sayen babur, da takardar lamba, da ta inshora, da lasisinsa na tuƙi, da katin ƙungiya mai ɗauke da hotonsa. Babur ɗin ne kaɗai babu. Tun watan Oktoban 2022 rabonsa da shi, amma ko da damina ta sa ruwa ya shigo mana ɗaki, ledar nan ya fara ɗagawa kafin tufafinsa.

Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, ƙane nake ce masa, shi kuma Yaya yake kirana. Ya zo Legas daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja bayan ambaliyar 2020 ta shanye shinkafar da suka noma. Ni kuwa haifaffen Agege ne. Goro ne ya kawo mahaifina, kamar yadda ya kawo Hausawa da yawa unguwar tun lokacin da jirgin ƙasa yake ɗibar huhunan goro zuwa Arewa. Aikina riƙe wa maigidana littafi a rumfar albasa a kasuwar Mile 12: mota nawa ta sauke, buhu nawa, wa ya ɗauki bashi, wa ya biya. Wataƙila wannan aikin ne ya sa duk dokar da aka kafa, abin da nake fara tambaya shi ne: wa zai biya kuɗinta?

Shekara guda yaron nan ya yi yana dako a kasuwa, buhun albasa a ka tun asuba. A farkon 2022 na kwashi adashi, maigidana ya ranta mana naira 250,000, muka haɗa muka saya masa Boxer sabo a kan naira 380,000. Yarjejeniyar ita ce zai riƙa kawo naira 5,000 kowace Juma'a, ni nake rubutawa da hannuna a shafin ƙarshe na littafin rumfa. Bai taɓa tsallake mako ba. Aikinsa ɗaukar matan da suka saro tattasai da attaruhu, ya shigar da su lungunan Alapere inda danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya, ba ya shiga. Yana da hular kwano guda biyu, tasa da ta fasinja. Ba ya hawa babban titin Ikorodu, domin ya san tun 2012, zamanin Gwamna Fashola, dokar hanya ta hana okada bin hanyoyi 475 a jihar, kuma manyan tituna suna ciki. Yakan ce mini, "Yaya, ni neman halak na zo, ban zo rigima da hukuma ba."

Ga yadda abin ya tafi, don wanda ba mazaunin Legas ba. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana okada da Keke a ƙananan hukumomi 6: Apapa, Lagos Mainland, Surulere, Ikeja, Eti-Osa da Lagos Island. Daga baya abin ya yi sanyi, babura suka dawo. A watan Mayun 2022 wasu 'yan okada suka kashe wani matashi a Lekki kan rigimar kuɗin haya, gari ya ɗauki zafi, aka sake jaddada haramcin daga 1 ga Yuni, aka ce har fasinja ma za a hukunta. Kwanaki kaɗan bayan haka aka tara babura fiye da 2,000 aka niƙe su da injin a gaban 'yan jarida. Sai kuma 1 ga Satumba aka ƙara ƙananan hukumomi 4, Kosofe da Mushin da Somolu da Oshodi-Isolo. Ketu da Mile 12 a cikin Kosofe suke. Sana'ar da take halal a ranar Laraba, ta wayi gari Alhamis ta zama laifi, bashin naira 90,000 kuma yana nan a shafin ƙarshe na littafina.

Ya ajiye aikin. Muka yanke shawarar a gyara babur ɗin a sayar, ko a ɗora shi a motar albasa da za ta koma Arewa. Yana wurin bakanike a wani lungu, an kwance ƙafar baya, sai wasu mutane suka zo da babbar mota suka kwashe duk babur ɗin da suka tarar a wajen, har da nasa, har da na wani tela da yake zuwa shago da shi. Ba su ba kowa takarda ba. Kwana uku muna yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan, kowa ya ce ba shi ba ne. A rana ta huɗu wani ya same mu ya ce a kawo naira 80,000 zai fito da shi kafin dare. Na ƙi. Na ga waɗanda suka bayar suka rasa kuɗin suka rasa babur ɗin, kuma zuciyata ba ta yarda in sayi abin da yake namu ba. Ƙanena ya yi kusan wata biyu ba ya haɗa ido da ni. Har yau in na tuna ina jin nauyin abin.

Dole in faɗi ɗaya ɓangaren, domin da idona na gani. 'Yan okada sun yi ɓarna a garin nan. Suna bin hannun da ba nasu ba, suna hawa inda masu tafiya a ƙasa suke bi, suna ɗora mutum uku da yaro. Ɓarayi sun yi amfani da babur sun fizge wa mutane waya da jaka. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Igbobi ya san yawan waɗanda babur ya kai can. 'Yar maƙwabciyarmu a Agege, wata baiwar Allah Bayarabiya da ta riƙe mu tamkar 'ya'yanta muna yara, ɗan okada ne ya buge ta tana dawowa daga makaranta, ya gudu, har yau tana ɗingishi. Kuma mafi muni shi ne ɗabi'ar nan ta taron dangi, da an taɓa ɗaya sai ɗari su rufe mai mota da duka kafin a tambayi wa ke da gaskiya. Abin da ya faru a Lekki kisan kai ne, hukuncin kisan kai ya cancanta. Cikin masu wannan hali akwai 'yan'uwanmu 'yan Arewa da yawa, ba zan ɓoye ba.

Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan laifuka yana da suna, yana da doka, yana da mai shi. Wanda ya bi hannun da ba nasa ba a tsayar da shi a ci shi tara, a ba shi rasiɗi. Wanda ya buge yarinya ya gudu a nemo shi ta lambarsa, ya biya magani, ya fuskanci alƙali. Wanda ya yi fashi a ɗaure shi. Wannan shi ne aikin hukuma, kuma aiki ne mai wuya: yana buƙatar rajista ta gaskiya, da ɗan sanda da zai kai mai laifi kotu maimakon ya karɓi na goro, da kotun da za ta yi shari'a a cikin mako ba shekara ba. Haramta sana'a gaba ɗaya ya fi sauƙi, sanarwa ɗaya ta wadatar. Da ita ake haɗa wanda ya kashe mutum a Lekki da yaron da yake ɗauke da hular kwano biyu a Alapere a yi musu kuɗin goro. Mun karanta tun muna makarantar allo cewa rai mai ɗaukar nauyi ba ya ɗaukar nauyin wani. Ban ga dalilin da zai sa wannan ƙa'ida ta tsaya a bakin ƙofar masallaci ba.

Abin da ya fi tabbatar mini cewa maganar ba ta tsari kaɗai ba ce shi ne labarin kamfanonin nan irin su Gokada da Max da ORide. Dokar sufuri ta 2018 ta ware babura masu ƙaramin inji, ƙasa da 200cc, a matsayin waɗanda ba za su hau manyan hanyoyi ba. Kamfanonin suka zuba kuɗi suka sayo manyan babura, suka horar da matuƙa, suka ba da hula, suka sa ana kiran babur ta waya yadda za a san sunan wanda ya ɗauke ka da inda ya bi. Duk abin da ake kukan babu a harkar okada, su sun kawo shi, da kuɗinsu, ba da ko sisin gwamnati ba. Da haramcin 2020 ya zo bai bambance su ba. Wasu suka sallami matuƙa, wasu suka koma kai saƙo. Wane darasi mai jari zai ɗauka? Cewa bin doka ba ya kare ka, tunda ana iya sauya ta bayan ka gama kashe kuɗinka.

Wani ɗalibin jami'a da yake zuwa rumfarmu saya wa mahaifiyarsa albasa ya taɓa jin ina wannan magana, ya ce mini, "Malam, ai kai libatariyan ne." Ya yi mini bayani cewa haka Turawa suke kiran masu ganin kowane baligi shi ke da iko da kansa da dukiyarsa da guminsa, hukuma ba ta da hurumin shiga sai inda ya cuci wani. Na ce masa in haka ne to da sauƙi, amma ni ba daga Amurka na samo ba. A zauren wani malami a Agege na fara jin cewa asalin mu'amala halacci ne har sai dalili ya zo ya hana, kuma wanda yake son hanawa shi ne zai kawo dalilin. A nan na ji hadisin da ya ce ba cuta, ba cutarwa. A nan kuma malamin ya karanta mana yadda Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya bayyana cewa idan masu mulki suka riƙa taɓa dukiyar mutane, mutane sukan yanke ƙauna daga nema, tunda sun ga ƙarshen abin da suka tara ƙwace ne, kuma daga nan kasuwa take mutuwa, gari ya bi ta. Na ga wannan a fuskar ƙanena. Watanni ya yi yana cewa, "Me zan tara, Yaya? Don wa?"

Kuma haramci ba ya kashe buƙata. Matar da ta saro kwandon tumatir tana nan, lungunsu yana nan da ramukansa, BRT, wato babbar bas ɗin haya mai layinta na musamman, ba ta shiga, jirgin ƙasan da aka buɗe daga Marina zuwa Mile 2 a 2023 bai san da ita ba. Na yaba da waɗannan ayyuka, ni ma ina hawa BRT daga Mile 12. Sai dai babbar mota a babban titi take sauke ka. Saboda haka har yanzu ana hawa okada a wuraren da aka hana, kowa ya sani. Abin da ya sauya shi ne kuɗin haya ya ƙaru, domin matuƙi yana lissafa haɗarin kamu a ciki. Gudu ya ƙaru, domin wanda yake tsoron a ƙwace masa babur ba ya tsayawa in ya hango kaki. Masu natsuwa irin ƙanena sun fita daga harkar, an bar wa masu ƙarfin hali da waɗanda suka san wa za su sallama kowace safiya. Duk sana'ar da aka haramta alhali mutane suna buƙatarta, ta zama gonar mai karɓar cin hanci.

Irin wannan tunanin ne a dokar talla a kan titi, wadda aka ƙarfafa a 2016 zamanin Gwamna Ambode, da tarar naira 90,000 ko ɗaurin wata 6 ga mai sayarwa da mai saye duka. Yaron da jarinsa gaba ɗaya katan ɗin ruwa ne, a ina zai ga naira 90,000? Irinsa ne kuma a canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar a watan Oktoban 2022 cewa za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba. A Fabrairun 2023 na ga mutum da kuɗinsa a banki yana sayen kuɗinsa a hannun mai POS. Na ga tumatir yana ruɓewa a kwando saboda mai saye ba shi da tsaba, manomin da ya aiko kayan kuma ba shi da asusu. An ce don a hana sayen ƙuri'a da biyan kuɗin fansa aka yi. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki. Wa ya biya mai tumatir asararsa?

To, amma laifi tudu ne, kuma a nan nake so in yi magana da mutanenmu. Mu ma muna son haramci matuƙar ba a kanmu ya faɗa ba. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, har zuwa Disamban 2020, kawuna da yake noman shinkafa murna ya yi ta yi a waya, yana cewa yanzu manomi zai san ya yi noma. Na fahimce shi. Amma na san matan da suke sana'a ta iyakar Seme da Jamhuriyar Benin da aka durƙusar, na kuma san gidajen da suka rage tukunya saboda tsadar buhu. Ribar kawu daga aljihun wani talaka ta fito, kuma da ƙarfin hukuma aka ciro ta. Haka kuma a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, shugabannin fataken abinci da na dabbobi suka ce kada a kai kaya Kudu. An zalunci mutanenmu a Shasha, wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce shi dai ba zai yi lodi ba don nuna fushi, haƙƙinsa ne. Sai dai an tare hanya an juyo da motocin waɗanda suke son tafiya. Manomin da ya ciyo bashi ya yi noman rani, tumatirinsa ya nuna, ba wanda ya tambaye shi. A lokacin da yawa a rumfunanmu tafi suka yi. Ni na ce abin da muke kuka ana yi mana ne muke yi wa namu, aka ce ba ni da kishi. Kano ma ta hana acaɓa ɗaukar fasinja tun farkon 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, saboda haka kada wani ya ce mini wannan halin Yarabawa ne. Halin mai iko ne a ko'ina, in ba a taka masa burki ba.

Kuma duk lokacin da albasa ta yi tsada sai ka ji ana kira a rediyo, gwamnati ta ƙayyade farashi. Ina ma mai kiran zai zo ya duba littafina ya ga kuɗin mota daga Aliero ko Sakkwato, da kuɗin dizal, da abin da direba yake ajiyewa a kowane shinge, da buhunan da suke ruɓewa kafin a sauke. An taɓa yin tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka musu farashi. Ya ƙi. Ya ce Allah ne mai sanya farashi, mai ƙuntatawa, mai yalwatawa, mai azurtawa, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu wanda yake binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Anas ɗan Malik ne ya ruwaito, yana cikin Abu Dawuda da Tirmizi. Malamai sun yi magana a kan mai ɓoye abinci don ya ƙuntata wa jama'a, da mai algus, da mai tauye mudu, waɗannan an yarda a hukunta su domin sun cuci wani. Abin lura a wurina shi ne yadda aka lissafa tilasta wa mutum farashin kayansa a cikin abin da ake tsoron a tambaye shi ranar gobe.

Ban ce a yi zaman babu hukuma ba. Wanda ya ga rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, da gidajen da aka ƙona, da kasuwar da aka rufe, ba zai yi fatan haka ba. Ina son hukuma mai ƙarfi a inda aikinta yake: ta tsare rai, ta yi shari'a, ta gyara kwata, ta tsaya tsakanin mai ƙarfi da mai rauni. Ina biyan haraji, ina biyan kuɗin shara, ina biyan na rumfa. Abin da nake nema a madadin haka kaɗan ne. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya damar ya je ya zauna a duk inda ya so a ƙasar, sashe na 36 ya ba shi damar a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, sashe na 44 ya kare dukiyarsa daga ƙwace ba bisa doka ba. In za a ɗauke wa mutum babur, a ba shi takarda mai suna da sa hannu, a gaya masa ranar da zai tsaya gaban alƙali. In an yanke shawarar rufe wata sana'a, a ba wanda ya shiga cikinta da izini lokacin da zai sayar da jarinsa ya biya bashinsa. Ko babur ɗin da aka kama da laifi, me ya sa za a niƙe shi? Gumin shekara biyu ne na wani.

Ƙanena ya koma dako. A hankali ya gama biyan naira 90,000 ɗin, maigidana ya so ya yafe masa rabi, ya ce a'a, Alhaji, bashi hanji ne. Ranar da na ja layi a ƙarƙashin lissafinsa ya karɓi littafin ya daɗe yana kallon shafin, ko da yake ba ya karanta boko sosai. Yanzu yana da baro nasa na kansa, yana kuma cikin adashin mutum 10. Wani abokinsa da ya koma Mowe, a ɓangaren jihar Ogun, yana ta kiransa ya zo, wai can ana aiki.

Daren jiya bayan sallar isha'i ya jawo ledar ya zauna a bakin katifa. Ya ce kwasarsa ta adashi za ta zo bayan Babbar Sallah, amma kuɗin babur ya ninka fiye da sau biyu, sai dai ya nemi na hannu. Ya miƙo mini lasisinsa ya ce in duba masa ko ya ƙare. Ya ƙare. Sai ya ce, "Yaya, in na sabunta na sayi wani, can ɗin ma ba za su wayi gari su hana ba?"

Na ce masa gobe in mun tashi daga kasuwa za mu je Mowe mu ga wurin da idonmu.